Kalmar Baiti Da Amanar Da Ke Cikinta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya yi dare domin hutun bayinSa, Ya kuma hore musu ɗakunan da za su kwana a ciki. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a wannan mako filin addini zai tsaya ne a kan kalma guda ɗaya, watau baiti. Kalma ce ta Larabci wadda ta daɗe da zama 'yar gida a bakin Bahaushe, har ta kai yana furta ta a wurare dabam-dabam ba tare da ya lura cewa abu ɗaya yake maimaitawa ba.

A ɗauki Kongo ta Zariya misali, unguwar nan da ke wajen ganuwar birni, daura da Tudun Wada, inda Jami'ar Ahmadu Bello take koyar da shari'a da aikin mulki. Wanda ya wuni a wannan yanki da kunnensa a buɗe yana iya jin kalmar a bakuna huɗu kafin rana ta faɗi. Ɗalibin shari'a yana bitar rabon gado, ya zo inda aka ce abin da ya saura a kai shi baitulmali. Maniyyaci yana sallama da 'yan'uwa, ana yi masa addu'ar Allah Ya kai shi Baitullahi lafiya. Da yamma an shiga birni ta Ƙofar Doka, sai ga mai bege yana rera Ishiriniya, wani ya roƙe shi ya maimaita baitin da ya wuce. A zauren wani malami kuwa, a Unguwar Juma ko a Kona, ana karanta falalar Ahlul Baiti. Me ya haɗa taska da Ka'aba da waƙa da iyali har suka yi tarayya a suna ɗaya? Amsar tana da amfani ga mai neman ilmi, amma ta fi amfani ga duk wanda aka damƙa wa mabuɗin ɗakin da ba nasa ba.

ASALIN KALMAR

Malaman lugga sun ce baiti ya fito ne daga haruffa uku, ba da ya da ta. Aikatau ɗinsa shi ne "bata", ma'anarsa "ya kwana". Almajirin da ya karanta Ajuruma ya haɗu da shi cikin 'yan'uwan "kana", kusa da "zalla" mai nufin "ya wuni". Ashe ke nan baiti a asalinsa shi ne wurin da mutum yake kwana, na ƙasa ne, ko na dutse, ko tantin gashin awaki irin na Larabawan daji. Suratun Nahli, aya ta 80, ta haɗa iri biyun: ta ambaci ɗakunan zama da Allah Ya sanya su wurin natsuwa, ta kuma ambaci na fatun dabbobi, marasa nauyi, waɗanda ake naɗewa ranar tashi a kafa ranar sauka.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin shi ma da kwana yake auna rayuwa. Gaisuwarsa ta farko ina kwana, lissafin tafiyarsa kwana nawa, in kuma ajali ya zo sai ya ce kwana ya ƙare. Akwai kuma bambancin da Larabawa suke yi tsakanin daru da baiti. Daru ita ce gida gaba ɗayansa, da katanga da tsakar gida, baiti kuwa ɗaki ne mai rufi a cikinta. Shi ya sa malaman zaure, da suka zo fassara Baitullahi, suka ce Ɗakin Allah, fassarar da ta faɗa daidai.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. Tana cikin Ibrananci da sauran harsunan da suke dangi da Larabci, kamar yadda ake gani a sunan garin Baitalami na ƙasar Falasɗinu. Masana tarihin rubutu sun nuna cewa sunan harafin ba kansa daga nan ya samo asali, domin mutanen da suka fara ƙirƙiro waɗannan haruffa a yankin Sina'i da Sham hoton ɗaki suka zana, suka ba harafin sunan ɗaki. Girkawa suka ara suka ce beta, daga hannunsu ya isa cikin boko. Yaron makarantar allo da ɗan aji ɗaya na firamare, in suka rubuta ba, ƙaramin ɗaki suke zanawa ba su sani ba.

Daga wannan tushe ne fiƙihu ya sami kalmomi da dama. A mazhabar Imamu Maliku azumi ba ya inganta sai an kwana da niyya, abin da ake kira tabyitu, sai dai niyyar daren farko tana isar wa watan Ramalana duka matuƙar azumin bai yanke ba. Alhaji kuma wajibi ne ya kwana a Mina a dararen jifa, shi ne mabitu, in ya bari sai ya yi yanka. Adalcin da aka ɗora wa mai mata fiye da ɗaya a kan rabon kwana aka gina shi. A cikin Muwaɗɗa akwai hadisin da ya hana Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba.

Alƙur'ani ya yi amfani da wannan tushe ga mutane iri biyu. Suratul Furƙan, aya ta 64, ta yabi bayin Allah masu kwana cikin sujada da tsayuwa. Suratun Nisa'i, aya ta 108, ta zargi masu ɓuya daga idon mutane su kwana suna ƙulla abin da Allah bai yarda da shi ba, alhali Yana sane da su. Dare ɗaya ne, rufi iri ɗaya, amma abin da aka kwana da shi ya raba su. Tun daga tushenta kalmar tana tambayar mutum inda ya kwana, da abin da ya kwana da shi a zuciyarsa da hannunsa.

ƊAKIN ALLAH

Mafi girman abin da aka kira baiti a bayan ƙasa shi ne Ka'aba. Suratu Ali Imrana, aya ta 96, ta shaida cewa shi ne ɗaki na farko da aka kafa wa mutane domin ibada, Suratul Baƙara kuma ta ba da labarin Annabi Ibrahimu da ɗansa Isma'ila suna ɗaga harsashinsa, suna roƙon Allah Ya karɓa musu. An kira shi Baitul Haram, watau ɗaki mai alfarma. An kira shi Baitul Atiƙ, wanda waɗansu masu tafsiri suka fassara da daɗaɗɗen ɗaki, waɗansu kuma suka ce 'yantaccen ɗaki ne da Allah Ya kuɓutar daga mallakar azzalumai.

Wajibi ne a yi hattara a nan. Cewa Ɗakin Allah ba ya nufin Allah Yana kwana a cikinsa, tsarki ya tabbata a gare Shi, Shi da ba Ya barci, wuri kuma ba ya ƙunsar Sa. Malaman tauhidi sun kira wannan jinginawar girmamawa, kamar yadda aka kira taguwar Annabi Salihu taguwar Allah. Darajar ɗakin daga Wanda aka jingina shi gare Shi take. Ƙuraishawa sun sake gina shi shekara biyar kafin aiko Manzon Allah, Abdullahi ɗan Zubairu ya sake, Hajjaju ya canza wani sashe, Sarkin Turkawa Muradu na huɗu ya sake ginawa bayan ambaliyar 1630. Duwatsu sun sha canzawa, alfarmar tana nan inda take.

Wannan ɗaki yana da mabuɗi, labarin mabuɗin kuwa abin lura ne. Ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya karɓi mabuɗin daga Usmanu ɗan Ɗalha ya shiga ya yi salla. Da ya fito, danginsa na Banu Hashim suka nemi a haɗa musu riƙon mabuɗi da aikin shayar da alhazai da ke hannunsu. Bai yarda ba, ya mayar wa Usmanu abinsa. Masu tafsiri da yawa sun ce a kan wannan ne aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta sauka, wadda ta yi umurni da a mayar da amana ga masu ita. Har yau mabuɗin yana hannun dangin Usmanu, Banu Shaiba. Ranar da gari duka yake hannunsa, Manzon Allah bai ɗauke amanar wani ya ba 'yan gidansa ba.

Akwai waɗansu ɗakuna masu alfarma bayan Ka'aba. Baitul Muƙaddas a birnin Ƙudus shi ne alƙiblar farko, Musulmi sun fuskance shi wata 16 ko 17 bayan Hijira kafin a juya su zuwa Makka. Baitul Ma'amur, wanda aka yi rantsuwa da shi a Suratuɗ Ɗur, yana sama ta bakwai, hadisin Mi'iraji kuma ya nuna mala'iku 70,000 ne suke shiga cikinsa kullum, wanda ya shiga ba ya sake dawowa. Masallatai su ma Suratun Nur, aya ta 36, ta kira su ɗakunan da Allah Ya yi umurni a ɗaukaka, a ambaci sunanSa a ciki.

Ɗaukaka masallaci ta haɗa da kula da gininsa. Mutanen Zazzau ba za su manta da Juma'a, 11 ga Agusta 2023 ba, ranar da wani sashe na Masallacin Juma'a na birni ya rufta ana cikin sallar La'asar, rayuka suka salwanta. Masallaci ne da Babban Gwani ya gina tun zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin da ya rage ga jama'ar kowace unguwa shi ne su riƙa duba rufi da bangon masallacinsu kafin damina, kamar yadda kowa yake duba na ɗakin da 'ya'yansa suke kwana.

MUTANEN GIDA

Kamar yadda Bahaushe yake cewa gidan wane yana nufin zuriyarsa, haka Balarabe yake yi da baiti. A Zazzau gidajen sarauta huɗu ne: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Ba wanda zai ji an ce gidan Mallawa ya tambayi ɗakuna nawa ne a ciki, domin kowa ya san mutane ake nufi.

Da wannan ma'ana aka ce Ahlul Baiti. A Suratu Hud, aya ta 73, mala'iku sun kira iyalin Annabi Ibrahimu da wannan suna. A Suratul Ahzab, aya ta 33, iyalin Annabi Muhammadu aka kira da shi, cikin ayoyin da suke magana da matansa. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna ya lulluɓe Aliyu da Faɗima da Hasan da Husaini da mayafinsa ya karanta ayar, malamai kuma sun faɗaɗa sunan ya game Banu Hashim. Son mutanen wannan gida wajibi ne a kan kowane Musulmi, kuma duk mai yin salati ga Annabi yana haɗawa da su.

Sai dai a duba nauyin da ya zo tare da wannan daraja. An haramta musu cin zakka. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Hasan yana ƙaramin yaro ya ɗauki dabino guda daga cikin na sadaka ya sa a baki, kakansa ya sa ya tofar, ya sanar da shi cewa gidansu ba sa cin sadaka. Nana Faɗima, da hannunta ya yi kanta saboda niƙa, ta nemi a ba ta mai hidima daga cikin bayin da aka kawo. Maimakon haka sai mahaifinta ya koya musu tasbihi da tahmidi da kabbarar da za su riƙa yi in sun zo kwanciya. A gidan da ya fi kowane gida daraja, kusanci da shugaba sai ya zama dalilin nisantar dukiyar jama'a. Labarin ɗan Annabi Nuhu kuma ya isa gargaɗi ga mai tinƙaho da asali, domin Suratu Hud ta cire shi daga iyalin mahaifinsa saboda aikinsa.

Gidan kowane Musulmi ma yana da tasa alfarma. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai an nemi izini an yi sallama, ta kuma ware lokatai uku da yaran gida kansu za su nemi izini: kafin sallar Asuba, da lokacin ƙailula, da bayan sallar Lisha. Zauren Bahaushe, inda baƙo yake tsayawa ya yi sallama a yi masa iso, wannan hukunci ne aka mayar gini. Manzon Allah ya kuma hana a mayar da gidaje kamar maƙabarta, watau a bar su ba nafila ba karatu.

BAITIN WAƘA

Mai karatu zai yi mamakin yadda ɗaki ya zama waƙa. Malamin nan na Basra, Halilu ɗan Ahmadu, wanda ya rayu a ƙarni na biyu na Hijira, shi ya tsara ilmin aruli, watau ma'aunin waƙa. Da ya zo sanya sunaye sai ya ɗauko su daga tantin Balarabe. Ya kira wani guntun ƙafar waƙa sababi, watau igiya, ya kira wani watadi, watau turke, kowane rabin layi kuma ana kiransa misra'i, watau ƙyauren ƙofa. Hikimar ita ce, kamar yadda ɗaki yake tattara iyali, haka baiti yake tattara kalmomi ya tsare ma'ana a ciki. In igiya ta tsinke ko turke ya tuge, tanti ya faɗi, haka nan in aka rage ko aka ƙara a ma'auni sai a ce waƙa ta karye. A jam'i ne aka bambanta su: ɗakunan kwana buyutu, na waƙa abyatu.

A Larabci baiti layi ɗaya ne mai rabi biyu. Da kalmar ta zo Hausa sai ta ƙara faɗi, baiti ya zama rukunin ɗangwaye, ana samun ƙwar biyu, ana samun ƙwar biyar mai kama da tahamisi. Ƙasar Zazzau ba baƙuwa ba ce a wannan fage, ita ce ta haifi Sarki Aliyu Ɗansidi da Malam Aliyu Namangi mai Imfiraji. A cikin baitoci ne malamai suka adana ilmi domin ya yi sauƙin hadda: nahawu a Alfiyar Ibnu Maliku mai baiti kusan 1,000, fiƙihu a waƙen Ibnu Ashir, yabon Annabi a Burda da Ishiriniya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u sun bi wannan hanya wajen kai wa'azi ga maza da mata. Mai waƙa ke nan magini ne, kuma za a tambaye shi abin da ya saukar a ɗakin da ya gina, gaskiya ce ko ƙazafi da bambaɗanci.

BAITULMALI

Yanzu sai ɗakin da ya fi shafar rayuwar jama'a ta yau da kullum. Baitulmali ma'anarsa ɗakin dukiya, ana nufin dukiyar al'umma duka. A zamanin Manzon Allah dukiya ba ta daɗewa a ajiye. Buhari ya ruwaito cewa wata rana ya sallame sallar La'asar ya tashi da gaggawa ya shiga gida, har sahabbai suka damu. Da ya fito sai ya bayyana musu cewa ya tuna wani guntun zinariya na sadaka da ke ɗakinsa, ya ƙi jinin ya kwana a wurinsa, ya sa aka rabar. Kalmar da ta zo a hadisin daga tushen baiti take. Bai yarda haƙƙin wani ya yi ko kwana ɗaya a ɗakinsa ba.

Da ƙasar Musulunci ta faɗaɗa, Halifa Abubakar ya ware ɗaki domin dukiyar jama'a, Halifa Umaru kuma ya kafa diwani, watau rajistar masu haƙƙi. An ruwaito cewa Umaru ya kwatanta matsayinsa game da wannan dukiya da na mai riƙon maraya: in yana da wadata ya kame, in ya buƙata ya ci gwargwadon abin da aka sani. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Aliyu yakan rabar da abin da ke cikin baitulmali, ya sa a share ɗakin, ya yi salla a ciki domin ya yi masa shaida ranar alƙiyama. Malaman jihadin Sakkwato sun yi bayanin wannan babi, Shehu a Kitabul Farƙi, Malam Abdullahi a Liya'ul Hukkami. Daga cikin hanyoyin shigar dukiyar da aka lissafa akwai humusi da haraji da jiziya, da dukiyar da mai ita ya ɓace, da gadon da ba shi da magaji.

Wannan na ƙarshe shi ne ɗaliban shari'a na Kongo suke karo da shi. A mashahurin zancen Malikiyya, in mutum ya rasu ya bar 'ya mace guda ɗaya, ba shi da wani magaji, to, ita tana da rabi, sauran rabin kuwa na baitulmali ne, domin shi ne magajin wanda ba shi da asaba. Amma malaman baya sun yi fatawa cewa wannan yana nan ne in baitulmalin yana hannun adali mai kashe dukiyar inda shari'a ta ce. In ba haka ba, sai a mayar da ragowar ga masu rabo, in babu su a ba sauran dangi. A nan akwai babban hukunci: ɗakin da aka daina riƙon amana a cikinsa, shari'a ta janye masa haƙƙin da sunansa ya ba shi.

Da Turawa suka ci ƙasar Hausa sun tarar da wannan suna, sai suka ɗora tsarinsu a kansa. A Katsina aka fara, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, sa'an nan wajen 1911 tsarin ya bazu a sauran masarautu. Aka riƙa zuba kason En'e na haraji da jangali a baitulmali ƙarƙashin Ma'aji, daga nan ake biyan albashin sarki da hakimai da alƙalai, a yi ayyukan gari. Wannan aiki yana bukatar masu iya lissafi, shi ya sa a 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a 1954, ta kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Ma'aikatan baitulmali da alƙalai daga lardunan Arewa sun sha zuwa kwas a wurin. A 1976 aka soke En'e aka kafa ƙananan hukumomi, amma sunan baitulmali bai mutu ba, da shi ake kiran taskar gwamnati har yau.

Sunan ya rayu, sai a tambayi ma'anar. An wayi gari waɗansu suna cewa kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne, alhali a shari'a na kowa da kowa ne. Wanda ya saci akuyar maƙwabcinsa mutum ɗaya zai nemi yafewarsa. Wanda ya cusa sunan bogi cikin takardar albashi, ko ya karɓi kuɗin rijiyar da ba a haƙa ba, ko ya danne fanshon tsoho, abokan shari'arsa sun haɗa da maraya da majinyaci da jaririn da aka haifa jiya, mutanen da ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ya nemi gafara ba. Suratu Ali Imrana, aya ta 161, ta yi gargaɗin cewa mai yin gululu zai zo ranar alƙiyama ɗauke da abin da ya ɓoye, hadisin Muslim kuma ya nuna ko allura ma'aikaci ya ɓoye ta shiga ciki. Lokacin da wani mai karɓar zakka, Ibnul Lutbiyya, ya dawo ya ware wani kaso ya ce shi kyauta aka ba shi, Manzon Allah ya hau mumbari ya tambaya me ya hana shi zama a ɗakin ubansa da uwarsa ya gani ko kyautar za ta iske shi. Da kalmar baiti aka yi wannan awo, kuma har yanzu bai tsufa ba: duk abin da ba zai zo wa mutum yana zaune a gidansu ba, na kujera ne, ba nasa ba ne.

Kada a ɗauka maganar ta tsaya ga manyan ofisoshi. Asusun masallaci, da kuɗin ƙungiyar unguwa, da adashin da ke hannun uwar adashi, da dukiyar marayun da ke hannun baffansu, kowannensu ƙaramin baitulmali ne. Maganinsa kuwa sananne ne: a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a sa shaidu, a karanta wa masu haƙƙi, kada a gauraya shi da kuɗin aljihu ko da niyyar mayarwa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

KAMMALAWA

Larabawa suna kiran baitin da ya tattara manufar waƙa baitul ƙasidi. Na wannan bayani shi ne, kowane baiti yana da mai shi, wanda ke riƙe da mabuɗi kuwa mai tsaro ne kurum. Alƙur'ani ya buga misali da ɗakuna biyu. Suratul Ankabut, aya ta 41, ta kwatanta masu dogaro ga wanin Allah da gizo-gizo, wanda ɗakinsa ya fi kowane ɗaki rauni, ba ya tare rana, ba ya tare ruwa. Suratut Tahrim, aya ta 11, ta kawo matar Fir'auna, wadda take zaune a fada mafi ƙasaita a zamaninta, amma ta roƙi Allah Ya gina mata ɗaki a wurinSa cikin Aljanna. An yi wa Nana Hadiza bushara da ɗaki a can wanda ba hayaniya ba wahala a cikinsa, an kuma yi alkawarin ɗaki ga wanda ya gina masallaci domin Allah.

Tsakanin ɗakin duniya da na Lahira akwai wani ƙuntataccen ɗaki wanda ba a shiga da kaya, ba a kuma kwana a cikinsa da kowa sai aiki. Mai hankali shi ne wanda kowane dare, kafin ya rufe ƙofarsa, zai duba ko akwai haƙƙin wani da zai kwana a ɗakinsa, in akwai ya ƙudurta mayar da shi da safe. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, Mai wannan kaya kuwa ba Ya mantuwa.

Allah Ya tsare gidajen Musulmi daga haram, Ya ba masu riƙe da mabuɗan jama'a ikon sauke amana, Ya kai mai buri ƊakinSa mai alfarma, Ya sa a cika da imani. Amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai rai.